Ƙatuwar Jakar Garth

Duk wanda tayar motarsa ta taɓa sacewa a garin nan ya san Garth Tulloch, kuma ya san facin ba ya ɗaukar lokaci, labarin da ke biyo baya ne ke cinye yini. Kakkauran mutum ne, ya ba hamsin baya, ga jan gashin baki, ga tumbi mai riga shi shiga ɗaki. A bakinsa babu tsaunin da bai hau ba a duk Tsibirin Kudu, ɓangaren ƙasarsu mai tsaunuka. A ƙafarsa kuwa, rabonsa da hawan abin da ya fi matakalar gidansa tsawo, shi kansa ya manta. Yana cikin ƙungiyar masu hawan tsauni ta garin, ba ya fashin taro, don a taro ake raba shayi da kek. Ranar tafiya ce dai kullum wani babban aiki ke taso masa a shago.

Sai a hunturun nan Beryl Ogilvie, tsohuwar da ke jan ƙungiyar tun Garth na da gashi a tsakiyar kai, ta ce ta gaji za ta sauka. Al'adarsu ita ce a zaɓi sabon shugaba a tafiyar watan Yuli, tsakiyar hunturu a can, a bukkar katako ta can saman tsauni, bayan an ci abincin yamma. Wanda bai hau ba, ba ya zaɓe kuma ba a zaɓarsa. Kowa ya ɗauka Fergus Dunlop ne zai gaje ta, wani siririn likitan dabbobi mai tafiya kamar an kunna shi. Ana cikin haka Garth ya miƙe, da guntun kek a gashin baki, ya ce shi ma yana ciki.

Da ya ga an yi tsit, sai ya ƙara da abin da bai shirya faɗa ba.

"Kuma kada wanda ya wahalar da kansa da abincin yamma. Ni zan hau da cinyoyin rago biyu da dankali, na kowa da kowa, a bayan nan nawa."

Beryl ta dube shi ta saman tabarau. "Garth, hanyar nan hawa ce tun daga mota har ƙofar bukka."

"Beryl, ni da na sauko da barewa sukutum a wuya daga can?"

"Saukowa ka ce. Mu hawa za mu yi."

Ran Alhamis ya sayo jakar goyo wadda ta fi kowace girma a kanti. Ya zuba nama da dankali da buhun barci da tufafin canji, ya goya, ya gwada hawa benen gidansa. Bai kai sama ba ya ga taurari da rana tsaka. Ya zauna a matakala har zuciyarsa ta dawo mazauninta, ya yarda a ransa cewa barewar nan ta da, in ma an yi ta, ƙarama ce ƙwarai.

Amma janyewa ba ta cikin tsari. Dabara ta zo masa daga inda ya saba samunta, wato shago. Ya ɗauko tub biyu na tayar baro, robar cikin nan da ake hura wa iska, ya cusa su cikin jakar, ya hura su har ta cika ta yi tsaye kamar yaron goye ya ƙoshi, ya ɗora filon ɗakin baƙi a sama ya ɗaure. Ainihin kayan kuwa ya riga ya sama musu mai ɗauka. Matarsa Marama tana da ƙane, Tamati, mai aske ulun tumaki, ƙato ne da ke ɗaga tunkiya da hannu ɗaya yana hira. Tamati ya ajiye jakarsa a garejin su Garth ran Juma'a, tunda mota ɗaya za su shiga. Garth ya kwance ta, ya binne nama da dankali da duk kayansa a can ƙasa, ya mayar da na mai ita a sama. In an isa bukka, yayin da kowa ke fama da hura wuta, sai ya kwashe abinsa a ɓoye. A ganinsa ma taimakon yaron ya yi, ƙarfi in ba a mora ba lalacewa yake yi.

Asabar da safe suka taru a ƙarshen hanyar mota, raɓa ta daskare a kan ciyawa, kowa na fitar da hayaƙi ta baki. Da Garth ya fito da jakarsa, hira ta tsaya. Ta fi kansa tsawo, ta fi kafaɗunsa faɗi.

Fergus ya miƙa hannu. "Bari in ji nauyinta."

Garth ya buge hannun. "Kai, mutumina, rufa mini asiri. In bayanka ya ɓalle, wa zai duba shanun gari?"

Ya durƙusa ya sa hannuwa a maɗauri, ya yi nishi mai tsawo, ya miƙe yana rawar gwiwa kamar yadda ya gwada a gaban madubi. Wata mata ta tafa masa. Marama ta dube shi, ta dubi jakar, irin kallon nan da ya fi tsoro a wajenta.

Suka shiga daji, hanya ta miƙe sama. Garth na gaba yana fito, yana waiwayowa yana ba da shawarar yadda ake numfashi. Tamati na can baya, gumi na tsiyaya daga haɓarsa cikin wannan sanyi.

"Yaya, ni fa yau ban san me ke damuna ba," in ji shi ga Marama. "Kamar na goyo ɗan maraƙi."

Garth ya ce, "Yaran yanzu ke nan. Jiki kamar firij, ciki ba komai. Ka rage giya, ƙanina."

A bakin gadar igiya, inda waya ke kamawa na ƙarshe, wayar Tamati ta yi ƙara. Matarsa ce. Shanun maƙwabci sun karya shinge sun shiga gonarsu, tumaki sun watse har kan titi. Tamati ya ce dole ya koma, ya karɓi makullin mota a hannun Marama, ya ce zai dawo ya ɗauke su gobe.

Garth ya dubi jakar Tamati. Ya matsa kusa da shi.

"Ai sai ka bar jakar a nan, ka fi sauri."

"Wa zai ɗauka?"

"Ni mana, in haɗa da tawa."

Ya kama maɗaurin jakar Tamati don ya nuna da gaske yake. Ya ja. Jakar ba ta ko san ana yi ba. A wannan ɗan lokaci Garth ya auna abincin mutum goma sha wani abu da ƙashin bayansa, ya ga ƙashin baya ɗaya gare shi.

Ya saki. "Ko da yake, tafi da abarka. Kada ka buƙaci wani abu a hanya."

Tamati ya kwance tukunyar ƙarfen ƙungiya da gatari da ke ɗaure a bayan jakarsa, ya miƙa wa Beryl, ya juya ya gangara. Garth ya bi cinyoyin ragonsa da kallo har suka sha kwana.

Beryl ta ce, "To, tukunya da gatari sai mai ƙarfin cikinmu."

Duk ido ya dawo kansa. Aka ce ya buɗe jaka a saka, ya ce babu wurin ko allura, aka ɗaure su a waje. Bayan an haye gada wata mata ta ce gwiwarta na damunta, aka ƙara masa ledar kayanta. Wani dattijo ya ga ana rabo, ya miƙo kwalaben giyarsa biyu. Yanzu kam nishin Garth ya daina zama na madubi. Ga shi kayan duk a kan iska suke zaune, in ya taka sai tukunya ta lotsa ta dawo ta ƙwale shi a ƙeya, roba kuma ta yi ƙiiƙ daga ciki.

Fergus ya ce, "Me ke kuka?"

"Takalmi ne sabo."

"Takalmin a bayanka yake?"

"Kai dai likitan dabbobi ne, ka tsaya a kan shanu."

Da suka fita daga itatuwa suka shiga dusar ƙanƙara, sabuwar fitina ta ɓullo, wadda mai sayar da taya ya kamata ya tuna da ita tun a gida. Iskar sama ba ta danne abu kamar ta ƙasa, don haka ana ƙara hawa, tub na ƙara kumbura. Ɗinkin jaka ya fara ɗaurewa, zif ya soma yaƙe haƙora.

Fergus, wanda ke bayansa, ya ce, "Garth, ko idona ne, ko jakar nan ƙiba take yi."

"Nama ne. Haka yake yi a sama."

"Na yi shekaru ina yanka dabba ban taɓa ji ba."

"A ƙasa kake yankawa."

Saura kaɗan su kai bukka hanya ta bi ta kan wani siririn tudu, dama gangare, hagu gangare, iska na zuwa daga yamma ba shamaki. Sauran suka sunkuya suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Garth ya tsaya a tsakiya don ya nuna musu yadda ake kafa ƙafa. Iska ta samu faffaɗan abu mara nauyi, ta yi masa abin da take wa laima. Ta juya shi sau ɗaya, ta kwantar da shi rigingine a kan jakar, sai ga shugaban gobe ya nufi ƙasa, kai a gaba, ƙafafu a sama, tukunya na buga masa ganga. Duk inda ya ci karo da tudu sai ya yi tsalle ya sake dira, don tub ɗin masu kyau ne, shi ya zaɓe su da kansa. Bai tsaya ba sai a bakin wani ɗan tafki, inda ƙanƙarar gefe ta fashe ya zauna cikin ruwa har ƙugu.

Marama ce ta fara ƙwala masa kira. Da ya ɗaga hannu ta ga yana da rai, sai ta riƙe ƙugu tana jiransa.

Ya hauro da rarrafe, wando ya tsage daga baya har gwiwa, haƙora na kaɗawa. Kwalba ɗaya ta fashe, dattijon ya karɓi ɗayar ya rungume.

Garth ya ce, "Da gangan na yi. Ya kamata sababbi su ga yadda ake sauka in an shiga haɗari."

Beryl ta ce, "Mun gani. Ni abin da ban taɓa gani ba shi ne rago mai tsalle bayan an yanka shi. In mun isa ka canja wando, kada sanyi ya kama ka."

Wandon canjin kuwa a lokacin yana can kusa da gari, a bayan mota.

Suka isa bukka rana na shirin faɗawa bayan tsauni. Aka faskara itace, aka hura murhun ƙarfe har ya yi ja, aka narka ƙanƙara a tukunya. Yunwa ta sa kowa ladabi. Suka zauna a benci da faranti a cinya, suna kallon Garth kamar 'yan makaranta. Shi kuwa ya tsaya a lungu, ruwa na ɗiga daga wandonsa, ya rungume jaka.

"Ni a ganina a fara zaɓe, a ci abinci da kwanciyar hankali."

Beryl ta ce, "Ba a taɓa yi ba. Fito da nama."

"Ya daskare. Sai ya ɗan sake."

Marama ta tashi. "Kawo in sa kusa da wuta."

Kafin ya hana ta kama maɗauri ta ja da ƙarfin da take tsammani jakar na buƙata, saura kaɗan ta faɗi da baya. Ta tsaya. Ta ɗaga jakar da yatsu biyu, ta sauke. Suka dubi juna.

Ta yi ƙasa da murya. "Ina naman?"

"Yana wajen Tamati."

"Ya sani?"

"Zuwa yanzu wataƙila."

"Buhun barcinka fa?"

"Suna tare."

Ta rufe ido ta buɗe. Yana jira ta tona shi, ko ta rufa masa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗauki jakar tana nishi kamar yadda ya yi da safe, ta kai ta gindin murhu ta jingina, ta koma ta zauna ta harɗe hannuwa.

Garth ya san me zafi ke yi wa tub mai iska. Amma in ya janye jakar za a tambaye shi dalili, in ya buɗe ta an gama. Sai ya yi abin da ya fi iyawa, ya hau magana, da fatan kafin ya sauka wata dabara za ta zo.

"'Yan uwa, kafin nama ya sake, bari in ce wani abu. Shugabanci kaya ne. Ba kowa ke iya ɗauka ba. Akwai mai tafiya da sauri don bai ɗauki komai ba," ya ɗan kalli Fergus, "akwai kuma wanda ke ɗaukar nauyin jama'a a bayansa, bai ce uffan ba. Ni abin da ke cikin jakar nan shi ne shaidata. Duk mai son sanin wane ne Garth Tulloch, ya dubi..."

Jakar ta amsa da kanta. Ƙarar ta girgiza tagogi, toka ta zubo daga bututun hayaƙi, Fergus ya tsinci kansa a ƙarƙashin tebur, dattijo ya kwanta a kan kwalbarsa. Gashin kazar da ke cikin filo ya cika ɗaki yana sauka a hankali. Kafin kowa ya farfaɗo, tub na biyu ya samu 'yar kafa, ya fara wani dogon fito siriri, yana hawa yana sauka, jakar na lanƙwashewa a hankali har ta kwanta a ƙasa kamar rigar da aka cire. Fiton kuwa ya daɗe kafin ya ƙare.

Beryl ta tashi ta sa sandarta ta ɗago baƙar roba ta nuna wa haske.

"Wannan ta wane ɓangaren rago ce, Fergus?"

Fergus ya leƙo daga ƙarƙashin tebur. "Hanji ne, ina ji. Na ragon sama."

Dariyar da aka yi ta fi fashewar ƙara. Matar nan mai gwiwa har da hawaye. Garth ya tsaya da gashin kaza a gashin baki, ya buɗe baki don ya yi bayani, ya duba ko'ina a cikin kansa bai samu ko ɗaya ba. Wannan ne karo na farko da hakan ta same shi, har ya ɗan ji mamaki.

Dariya dai ba ta cika ciki. Aka zazzage aljihu da jakunkuna, aka samu garin miya ƙulli biyu, da albasa ɗaya, da hatsin kunun safe, da busasshen inabi, da guntun cuku. Duk aka zuba a tukunya aka dama. Abin da ya fito ba shi da suna, amma da zafinsa. Garth aka sa ya raba, kowa ya miƙo faranti sai ya ce a sa masa ta wajen ƙashi.

Beryl ta ga leɓɓansa sun fara shuɗi, ta daina wasa. Ta ciro dogon wandonta na ulu mai furanni ta jefa masa, ta ce ya cire jiƙaƙƙen nan take ko ta cire masa da kanta. Ya shiga da ƙyar, ya tsaya masa a ƙwauri. A cikinsa aka yi zaɓe. Da aka kira sunan Fergus hannuwa suka tashi, har da na Marama. Garth ya duba hagu ya duba dama, ya ɗaga nasa shi ma, ya ce dama niyyarsa ke nan tun farko, ya tsaya ne don a samu armashi.

Ya kwana tsakanin labulen taga da rigunan ruwan jama'a. Da gari ya waye ya fita ɗauko takalmansa da ya bari a baranda, ya tarar da aku uku na tsauni, kea, sun riga shi. Ɗaya takalmin sun zare igiyarsa sun yage harshensa, ɗayan kuwa sun raba shi da tafinsa, suna tsaye a kan rufi suna kallonsa da kai a karkace. Ya yanka ragowar tub ya naɗe ƙafar ya ɗaure tam. Aikin ya yi kyau ƙwarai, sai dai ba wanda ya yaba.

Haka ya gangaro, wando mai furanni, ƙafa ɗaya baƙar roba, tukunya a ka don babu jakar da za a ɗaura ta. Da suka fito ƙarshen hanya babu motarsu. Tamati ne kawai zaune a kan dutse, ga jakarsa a gefe, ga kuma mutanen gari cike da motoci biyu waɗanda suka ce wai iska suka zo sha.

Tamati ya ce, "Mijin yaya, sannu da hanya. Ka san jiya saura kaɗan in wuce asibiti? Na ce zuciyata ce ta lalace. Sai da na buɗe jaka neman safa na ga ashe lafiyata lau."

"Ƙanina, abin nan kuskure ne na..."

"Ba komai. Naman ya yi daɗi, maƙwabta na gaishe ka. Amma kada ka ce na ci amanarka, na mayar maka da nauyinsa daidai." Ya dafa jakar. "Duwatsun shingen da shanu suka rushe ne. Mota tana can bayan mashigin ruwa, na ga kamar ba za ta iya hayewa ba."

Mashigin da ko keke na hayewa. Daga nan ana hango motar, 'yar mitsitsiya a ƙarshen hanya.

Garth ya dubi Marama, ta ɗaga kai tana kallon gajimare. Ya ajiye tukunya, ya durƙusa, ya sa hannuwa a maɗauri. Sai a yunƙuri na uku ya miƙe. Ya kama hanya, roba na cewa fyat, takalmi na cewa ƙwas, jama'a na biye da shi a hankali kamar masu rakiyar gawa. Ba wanda ya karɓe shi, shi ma bai roƙa ba. A tsakiyar ruwa ya yi tangaɗi, Beryl ta sa sanda ta tokare jakar ta baya har ya daidaita.

Ya isa. Ya taɓa motar da hannu, gwiwoyinsa suka ce sun gama nasu, ya zube a tsakuwa kusa da tayar baya, fuska a ƙasa. Aka yi masa tafi, wannan karon na gaske, ko da yake bai ji sosai ba saboda ƙarar da ke kunnensa.

Marama ta tsaya a kansa. "To, tashi mu tafi gida."

Bai motsa ba. Ya miƙa yatsa ɗaya ya shafi tayar.

"Dakata tukuna. Tayar nan nake dubawa, kamar ta fara cinyewa ta ciki."

Ta zauna a tsakuwar kusa da shi, ta zare masa maɗaurin jakar daga kafaɗa.

"Duba a hankali," in ji ta. "Akwai guda uku bayan ita."